Wa ke raba gardama tsakanin banki da mai asusu? Yadda tsarin Birtaniya ke aiki

Duk wanda ya taɓa samun saɓani da banki ko kamfanin inshora ya san cewa ba gardamar tsara da tsara ba ce. Kamfanin ne ya rubuta sharuɗɗan yarjejeniyar, shi ke riƙe da takardu da bayanan asusu da muryoyin da aka naɗa lokacin da aka yi waya, kuma yana da lauyoyin da yake biya albashi ko da shari'a ko babu. Shi kuwa mai asusu, sau da yawa abin da ke hannunsa bai wuce saƙon da ya shigo wayarsa da abin da yake iya tunawa ba. Idan kuɗin da ake jayayya a kansu ba su kai abin da lauya zai karɓa ba, to ƙofar kotu a buɗe take a takarda kawai. Wannan ne ya sa ƙasashe da dama suka kafa ofis mai cin gashin kansa da ke sauraron irin waɗannan koke-koke ba tare da an shiga kotu ba, kuma wanda aka fi yin koyi da shi shi ne na Birtaniya, wato Financial Ombudsman Service, wanda za mu riƙa kira ofishin raba gardama.

Ba gwamnati ce ta fara abin ba. A shekarar 1981 wasu kamfanonin inshora suka kafa nasu ofishin bisa raɗin kansu, bankuna suka biyo baya a 1986, sannan sauran sassan harkar kuɗi kowa ya buɗe nasa, har ta kai mai ƙorafi ba ya sanin ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Dokar harkokin kuɗi da kasuwanni ta shekarar 2000 ce ta tattara su wuri guda, sabon ofishin kuma ya fara aiki da cikakken iko a watan Disamba na 2001. Daga nan shiga tsarin ya daina zama ganin dama: kamfanin da ke da lasisin hulɗar kuɗi da jama'a dole ne ya amsa idan aka kai ƙararsa, ko a kan asusun banki ne, ko katin bashi, ko bashin sayen gida, ko inshora, ko shawarar zuba jari da fansho, ko aika kuɗi.

Akwai hukumomi uku da mutane kan cakuɗa, alhali aikinsu ya bambanta. Hukumar FCA ita ke tsara ƙa'idoji, ta ba da lasisi, ta ci tarar kamfanin da ya saɓa, amma ba ta zama ta warware ƙorafin mutum ɗaya. Asusun FSCS shi ke biyan mutane idan kamfanin ya durƙushe ba ya iya biya. Ofishin raba gardama kuwa aikinsa ɗaya ne: ya duba abin da ya faru tsakanin wannan mutumin da wannan kamfanin, ya faɗi wanda ke da gaskiya da abin da za a yi a gyara.

Matakin farko yana wurin kamfanin ne, domin ofishin ba ya shiga magana sai an ba kamfanin damar gyara kuskurensa. Da zarar mutum ya kai kuka, kamfanin yana da makonni 8 ya ba da amsar ƙarshe a rubuce. Idan batun na tura kuɗi ne ko biya da kati, wa'adin ya ragu zuwa kwanakin aiki 15, sai in an sami wani uzuri na musamman da zai kai shi 35. Wasiƙar amsar ƙarshen nan ba ta cika ba sai kamfanin ya sanar da mai ƙorafin, a cikin wasiƙar kanta, cewa yana da ikon kai maganar ofishin raba gardama kyauta, kuma yana da watanni 6 ya yi hakan. Wannan sharaɗi ƙarami ne a ido, amma a ganina yana cikin ginshiƙan tsarin, domin mafi yawan waɗanda aka zalunta ba rashin gaskiya ke sa su haƙura ba, rashin sanin inda za su nufa ne. An tilasta wa wanda ake ƙara ya nuna wa mai ƙara hanya da kansa. Akwai kuma iyakar lokaci ta biyu: a kai kuka cikin shekaru 6 da faruwar abin, ko cikin shekaru 3 daga ranar da mutum ya sani, ko ya kamata a ce ya sani, cewa an cuce shi.

Idan maganar ta isa ofishin, jami'in bincike ne ke fara ɗaukarta. Ba a tara mutane a zaure, ba a yi wa mai ƙorafi tambayoyin ƙure, kuma ba ya bukatar lauya. Jami'in yana neman fayil ɗin kamfanin gaba ɗaya, ya saurari wayar da aka naɗa, ya karanta fom ɗin da aka cike, ya tambayi kowane ɓangare abin da bai fito fili ba, sannan ya rubuta ra'ayinsa. Mafi yawan koke-koke a nan suke ƙarewa. Amma idan ɗaya daga cikin ɓangarorin bai gamsu ba, yana da damar neman babban jami'i, wanda shi ne ombudsman na ainihi, ya sake duba batun daga tushe ya yanke hukuncin ƙarshe.

A nan ne muka zo ga abin da ya raba wannan ofis da kotu. Dokar ba ta umarci mai yanke hukunci ya tsaya kan harafin yarjejeniya ba. Ta umarce shi ya yanke abin da yake ganin adalci ne kuma ya dace da hankali bisa dukan yanayin da batun ya faru a ciki. Dole ya yi la'akari da doka, da ƙa'idojin FCA, da abin da ake ɗauka kyakkyawan aiki ne a sana'ar a lokacin, amma yana iya kauce wa abin da kotu za ta yanke matuƙar ya bayyana dalilinsa.

Harkar inshora ta fi kowace nuna amfanin wannan. A ɗauka wata mata ta sayi inshorar tafiya, ta kamu da rashin lafiya a ƙasar waje, asibiti ya caje ta fam 8,000, kamfanin kuma ya ƙi biya domin ba ta faɗa musu tana shan maganin hawan jini ba. A ƙarƙashin tsohuwar dokar da ta samo asali daga inshorar jiragen ruwa ta 1906, nauyin bayyana duk abin da ke da muhimmanci yana wuyan mai sayen inshora, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba, kuma kamfani na iya soke yarjejeniyar ɗungurungum. An tsara dokar ne domin 'yan kasuwar da suka san jirginsu da kayansu fiye da mai ba su inshora, ba domin matar da ta cike fom cikin mintuna kaɗan a waya ba. Shi ya sa ofishin raba gardama ya daɗe yana yin wasu tambayoyi dabam: shin kamfanin ya yi mata tambaya bayyananniya a kan lafiyarta? Idan ya yi, da gangan ta ɓoye, ko sakaci ne, ko kuwa ta amsa iya fahimtarta? Idan sakaci ne, me kamfanin zai yi da ya san gaskiya tun farko? Idan da zai karɓe ta amma a kan fam 100 maimakon fam 75 da ta biya, to sai ya biya kashi 75 cikin 100 na kuɗin asibitin, wato fam 6,000, ba ya wanke hannunsa ya tafi ba. Wannan hanya ta yi ta aiki shekara da shekaru kafin majalisar dokoki ta zartar da dokar bayyana bayanai a inshorar masu saye ta 2012, wadda ta ɗauki kusan wannan ma'aunin ta mayar da shi doka. A nan doka ce ta bi sawun ofishin.

Abu na biyu da ya kamata a fahimta shi ne cewa hukuncin ba ya ɗaure ɓangarorin biyu daidai wa daida, kuma da gangan aka yi haka. Idan mai ƙorafi ya karɓi hukuncin, kamfanin ya ɗauru, dole ya biya, kuma ana iya tilasta masa ta hanyar kotu. Idan mai ƙorafin ya ƙi karɓa, hukuncin ya faɗi, haƙƙinsa na zuwa kotu yana nan bai taɓu ba. Kamfanin ba shi da irin wannan zaɓi, ba shi kuma da ɗaukaka ƙara a kan gundarin batun. Abin da kawai zai iya shi ne ya roƙi Babbar Kotu ta duba ko ofishin ya wuce ikonsa, ko ya karya ƙa'idar sauraro, ko ya yanke abin da hankali ba zai ɗauka ba, kuma wannan ƙofa ce mai ƙunci. Sai dai karɓar ma tana da nata ɗaurin. A shari'ar Clark da kamfanin In Focus a 2014, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa wanda ya karɓi diyyar ofishin ba zai koma kotu ya nemi ciko a kan wannan batun ba. Wannan yana da nauyi saboda diyyar tana da iyaka: ta fara da fam 100,000, ta koma 150,000 a 2012, ta yi tsalle zuwa 350,000 a 2019, ta kai 445,000 a watan Afrilu na 2025. Wanda asararsa ta haura iyakar sai ya auna da kyau kafin ya sa hannu.

Domin a ga darajar wannan karkata, a dubi abin da ya zama ruwan dare a Amurka. A can yarjejeniyoyin banki da katin bashi da yawa suna ɗauke da sharaɗin cewa duk saɓanin da ya taso za a kai shi gaban mai sasanci mai zaman kansa, hukuncinsa ya ɗaure kowa, mai asusu kuma ya sarayar da damar haɗa kai da wasu su kai ƙara a dunƙule. Hukumar kare masu hulɗar kuɗi ta ƙasar, CFPB, ta fitar da ƙa'idar taƙaita hakan a 2017, majalisar dokoki ta soke ta a wannan shekarar. Duka biyun ana kiransu warware saɓani a wajen kotu, amma ɗaya yana ƙara wa mai rauni ƙofa ne, ɗayan yana rufe masa wadda yake da ita tun kafin saɓanin ya taso.

Tambayar da mai hankali zai yi ita ce, wa ke biyan albashin waɗannan jami'ai? Kamfanonin ne. Suna biyan kuɗin shekara-shekara gwargwadon girmansu, suna kuma biyan kuɗi a kan ƙorafin da aka bincika a kansu, wanda ya kasance fam 750 kafin a rage shi zuwa 650 a 2024. Bahaushe ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, don haka shakkar tana da tushe. Abin da ya kare ofishin shi ne cewa biyan ba kyauta ba ne da kamfani zai iya janyewa idan ya ji haushi. Wajibi ne na doka, kuma shekara da shekaru ana karɓarsa ko kamfanin ya yi nasara ko ya faɗi. Kamfanoni ba sa naɗa masu yanke hukunci. Hukumar FCA ce ke naɗa kwamitin gudanarwa, shugaban kwamitin sai da amincewar ma'aikatar kuɗi, kwamitin kuma ba ya sa baki a hukuncin kowane batu. Tun 2013 ana wallafa hukunce-hukuncen ƙarshe da sunan kamfanin a fili, na mai ƙorafi a ɓoye, ana kuma fitar da alƙaluman yawan koken da aka kai a kan manyan kamfanoni da kason da aka ba masu ƙorafi gaskiya. Ɗan jarida ko lauya ko mai shirin buɗe asusu yana iya zama ya karanta ya ga inda aka karkata. Cin gashin kai irin wannan ba daga kyawun halin jami'ai yake fitowa ba, daga yadda aka tsara kuɗi da naɗi da wallafawa yake fitowa.

Babbar jarrabawar da tsarin ya fuskanta ita ce badaƙalar inshorar biyan bashi da ake kira PPI. Bankuna sun yi shekaru suna liƙa wa masu karɓar rance wata inshora da aka ce za ta biya musu bashin idan suka rasa aiki ko suka kwanta ciwo. An sayar wa masu sana'ar kansu da sharuɗɗan suka riga suka cire, an sayar wa masu ciwon da inshorar ba ta rufe ba, an ɗora wa wasu ba tare da sun sani ba, wasu kuma aka haɗa musu kuɗin inshorar gaba ɗaya a kan bashin har suna biyan kuɗin ruwa a kansa. Ƙungiyar bankunan Birtaniya ta kai hukumar da ke sa ido a wancan lokacin, tare da ofishin raba gardama, Babbar Kotu, ta sha kaye a watan Afrilu na 2011. A 2014 Kotun Ƙoli, a shari'ar Plevin, ta duba wata inshorar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗinta kamasho ne da ba a faɗa wa mai sayen ba, ta ce hulɗar ba ta adalci ba ce. Wa'adin 29 ga Agusta, 2019 ne ya rufe ƙofar, kuma a jimlace koken da suka isa ofishin sun haura miliyan 2, kuɗin da kamfanoni suka mayar wa mutane kuma sun haura fam biliyan 38. Da wuya a ce kotuna za su iya ɗaukar wannan nauyi mutum bayan mutum.

Amma wannan nasarar ce ta fito da raunin tsarin. An gina ofishin ne domin ya saurari mutum ɗaya da matsalarsa cikin sauri da sauƙi, sai ga shi yana aikin masana'anta. Fayiloli suka taru, mutane suka yi ta jira, wasu har fiye da shekara, kuma jiran ba ɗaya ba ne ga banki da wanda 'yan damfara suka kwashe wa kuɗin haya. A 2018 wani shirin binciken ƙwaƙwaf na tashar Channel 4 ya nuna ma'aikatan da ke cewa ba a ba su isasshen horo ba, abin da ya sa aka ɗora wa Richard Lloyd, tsohon shugaban wata ƙungiyar kare masu saye, bitar ayyukan ofishin. Sannan ga kamfanonin da suka mayar da kai ƙorafi sana'a, suna tattara sunaye dubbai su tura, su yanki kaso mai tsoka daga diyyar da mutum zai iya samu kyauta da kansa. Saboda su ne daga Afrilun 2025 aka fara cajin irin waɗannan wakilai fam 250 a kan kowane ƙorafi bayan goma na farko, a mayar musu da mafi yawansa idan ƙorafin ya yi nasara, shi kuwa mutumin da ya kai kukansa da kansa har yanzu ba ya biyan ko sisi.

Sukar da ta fi ƙarfi tana zuwa ne daga kamfanoni, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Suna cewa idan ma'aunin shi ne abin da jami'i yake ganin adalci ne, to kamfani na iya bin ƙa'idar da ke rubuce a yau, bayan shekaru a ce masa bai kyauta ba, kuma hukunci ɗaya na iya zama tamkar sabuwar ƙa'ida ga kasuwa baki ɗaya ba tare da an yi shawara da kowa ba. Batun bashin sayen mota ya ƙara rura wannan muhawara. Dillalan mota sun kasance suna da ikon ɗaga kuɗin ruwan da za a ɗora wa mai saye domin kamashonsu ya ƙaru, har sai da FCA ta haramta hakan a watan Janairu na 2021. A Janairun 2024 ofishin ya ba wasu masu ƙorafi biyu gaskiya a kan irin wannan, nan take maganar ta zama ta biliyoyin fam, FCA ta dakatar da wa'adin amsa koken domin ta yi nazari. A watan Yuli na 2025 gwamnati ta fitar da shawarar gyara da ta haɗa da ɗaure ofishin da ƙa'idojin FCA fiye da dā, da kuma sa iyakar shekaru 10 ga yawancin koke. Ina ganin akwai gaskiya a cewa matsalar da ta shafi miliyoyin mutane hukumar tsara ƙa'ida ce ya kamata ta warware ta a dunƙule, ba a bar ta ta taru a teburin jami'an bincike ba. Abin da nake tsoro shi ne a wuce nan a mayar da ofishin ƙaramar kotu mai duba ko an cika sharaɗin takarda, domin da haka aka yi tun farko, da matar nan mai hawan jini ta koma gida hannu wofi har sai majalisa ta farka. Iyakar shekaru 10 ma tana da haɗari a harkar fansho da bashin gida, inda mutum kan gano an ba shi muguwar shawara ne bayan ya yi ritaya.

Wasu ƙasashen sun bi wannan hanya ta haɗa ofisoshi wuri guda: Ostireliya ta kafa AFCA a watan Nuwamba na 2018, Afirka ta Kudu ta haɗa wasu daga cikin nata a 2024. A Najeriya kuwa, wanda banki ya cire wa kuɗi ba bisa ƙa'ida ba, ko na'urar cirar kuɗi ta riƙe masa ba ta ba shi ba, yana fara kai kuka ne bankinsa, idan wa'adin da aka gindaya ya wuce ba a warware ba, wanda makonni biyu ne ga yawancin koke, sai ya rubuta wa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya, wanda aka kafa a 2012, aka kuma ƙarfafa shi da ƙa'idojin 2019. Masu inshora suna zuwa hukumar kula da inshora, NAICOM, masu hannun jari suna zuwa hukumar kula da kasuwar hannun jari, SEC. Matakin farko dai iri ɗaya ne da na Birtaniya, kuma sashen ya sa bankuna sun mayar wa mutane kuɗi masu yawa. Bambancin shi ne mai sauraron kukan yana cikin hukumar da aka ɗora wa kula da lafiyar bankunan, kuma ranar da mayar wa dubban mutane haƙƙinsu zai girgiza wani banki, ayyukan biyu za su ja ta ɓangarori biyu. A Birtaniya ayyukan biyu a rabe suke. Idan za a kafa ofis irin wannan a Najeriya, dole dokarsa ta fayyace wanda zai naɗa jami'ansa da yadda kuɗinsa za su zo ba tare da roƙo ba, ta wajabta wa banki ya rubuta wa mai ƙorafi inda zai nufa idan bai gamsu ba, ta kuma ba shi damar kai kukansa ta waya cikin Hausa ko wani harshen da yake ji, domin da yawa daga cikin masu tura kuɗi a shagon POS a Funtuwa ko Azare ba za su iya rubuta wasiƙar ƙorafi da Turanci ba.